Daga Fito zuwa Shaƙatawa: Ƙira da Bunƙasar Jiragen Ruwa na Dangin Oasis

1.0 Gabatarwa

Kalmar jirgi tana daga cikin kalmomin Hausa waɗanda ma'anarsu ta yi ta faɗaɗa gwargwadon sababbin abubuwan da zamani ya kawo wa Bahaushe. A asali, abin shiga ruwa ake nufi da ita. Da layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911 sai aka sami jirgin ƙasa, da kuma jirage masu tashi suka sauka a birnin a 1925 sai aka sami jirgin sama. Wannan ya sa dole aka riƙa cewa jirgin ruwa domin a bambance na asalin daga waɗanda suka ari sunansa. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗaukar mutum ko kaya daga wani wuri zuwa wani.

Sai dai kuma a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 an sami yaɗuwar wani nau'in jirgin ruwa wanda yakan kwashi dubban mutane daga tasha, ya yi mako guda yana zagaya teku da su, sannan ya dawo ya sauke su a inda ya ɗauke su. Shi ne ake kira jirgin shaƙatawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka tsara, aka kuma bunƙasa wani rukuni na irin waɗannan jirage, wato dangin Oasis na kamfanin Royal Caribbean, tare da nuna cewa sauyin manufa shi ne ya haifar da sauyin ƙira. Za a ɗora bayanin a kan abin da masu fito na kogin Jama'are suka sani game da ruwa, sannan a duba wasu matsalolin kalmomi da ke tasowa idan za a yi bayanin waɗannan jirage da Hausa.

2.0 Jirgi da Fito a Ƙasar Jama'are da Katagum

Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a wasu sassansa, ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya gangaro arewa maso gabas ta cikin Jihar Bauci, ya ratsa ƙasar Jama'are da ta Katagum, kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe mai zuba a tafkin Cadi. Kogi ne da ke cika ya batse da damina, ya kuma ja baya ƙwarai da rani. Saboda haka garuruwan da ke bakinsa suka gaji sana'ar fito, wato ƙetarar da mutane da dabbobi da kayan kasuwa daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Sana'ar ta zo da kalmominta. Akwai kwalekwale da komi, akwai filafili na tuƙi da gwangwalar da ake tokare ƙasa da ita inda ruwa bai yi zurfi ba, akwai mai fito da kuɗin fito da mashigi, ga kuma sarautar Sarkin Ruwa. Bayan kalmomi akwai ilimi. Duk gogaggen mai fito ya san abubuwa uku ko da bai taɓa zama a aji ba. Na farko, jirgi mai faɗi ya fi siriri wuyar kifewa. Na biyu, kaya masu nauyi a ƙasan ciki ake jera su, kuma ba a barin fasinja su miƙe tsaye ko su karkata gefe guda. Na uku, dole a bar tazara tsakanin bakin jirgi da saman ruwa, domin da zarar lodi ya cinye wannan tazara to igiya kaɗan ta isa ta cika shi. Waɗannan ƙa'idoji uku su ne injiniyoyin manyan jirage suke lissafawa da kwamfuta, kuma za a ga yadda suka yi aiki a ƙirar Oasis.

3.0 Daga Jigila zuwa Shaƙatawa

Kafin yaɗuwar jiragen sama, manyan jiragen fasinja fito suke yi, sai dai teku suke ƙetarewa a maimakon kogi. Alhazan ƙasar Hausa da suka bi hanyar Sudan sun san jiragen da ke ɗaukarsu daga Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda. Haka kuma ɗalibai da ma'aikatan da suka je Ingila sun san jiragen kamfanin Elder Dempster masu zirga-zirga tsakanin Legas da Libaful, musamman Aureol wanda ya fara aiki a 1951 ya daina a 1974. Irin waɗannan jirage ana ƙera su da tsini a goshi, da siririn jiki, da ƙaƙƙarfan inji, domin su keta igiyar ruwa su isa a kan lokaci.

A watan Oktoba na 1958 aka fara jigilar fasinja tsakanin Amurka da Turai da manyan jiragen sama masu injin jet, tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i. Cikin shekaru kaɗan kasuwar jiragen ruwan fasinja ta karye. Mafitar da kamfanoni suka samu ita ce su sayar da zaman cikin jirgin kansa. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun a 1900 wani kamfanin Jamus ya ƙera Prinzessin Victoria Luise musamman saboda yawon shaƙatawa, amma daga wajen 1970 ne abin ya zama babbar sana'a, cibiyarta kuma birnin Mayami na Amurka da tsibiran Karebiyan.

Tunda ba sauri ake nema ba, sai hankalin masu ƙira ya koma ga yawan ɗakuna da wuraren cin abinci da na wasanni. Lissafin kasuwanci ma ya goyi bayan girma, saboda jirgi mai ɗaukar mutum dubu shida ba ya buƙatar kyaftin biyu, kuma man da yake sha bai kai ninki biyu na mai ɗaukar dubu uku ba. Jiragen Royal Caribbean sun nuna wannan hauhawa a fili. A ma'aunin girman jirgi da ake taƙaitawa da haruffan GT, Song of Norway na 1970 bai wuce dubu 18 da 'yan kai ba, Sovereign of the Seas na 1988 ya kai dubu 73, Voyager of the Seas na 1999 dubu 137, Freedom of the Seas na 2006 kuma dubu 154.

4.0 Ƙirar Dangin Oasis

4.1 Asalin Aikin

A watan Fabrairu na 2006 kamfanin ya ba maƙerar jirage ta birnin Turku a ƙasar Finlan kwangilar jirgin farko, a ƙarƙashin shugabancin Richard Fain, tare da injiniya Harri Kulovaara a matsayin jagoran sashen ƙira. An aza ƙashin bayan jirgin a watan Nuwamba na 2007, aka sake shi a kan ruwa bayan shekara guda, aka miƙa shi ga masu shi a ƙarshen Oktoba na 2009. Ya fara ɗaukar fasinja a watan Disamba na shekarar da sunan Oasis of the Seas. Kuɗin da ya ci ya kai kimanin dala biliyan 1.4.

Ba a gina irin wannan jirgi gaba ɗaya a wuri guda. Ana yanka farantan ƙarfe a haɗa su su zama manyan gutsattsari, a saka musu bututu da wayoyi tun suna ƙasa, sannan a ɗaga su da ƙugiya a jera a busasshen gurbi a yi musu walda. Ɗakunan kwana ma a wata masana'anta dabam ake kammala su, har da makewayi da fitilu, a kawo a zura su a gurabensu.

4.2 Faɗi da Tsagin Tsakiya

Tsawon jirgin kimanin mita 360 ne, faɗinsa a saman ruwa mita 47, a can sama kuma ya haura mita 60. Tsayinsa daga saman ruwa mita 72 ne, alhali abin da ya nutse bai wuce mita 9 da 'yan kai ba. Lokacin da ya fara aiki a 2009 yana da benaye 16 na fasinja, da ɗakuna kusan 2,700, yana ɗaukar fasinja 5,400 idan biyu-biyu suka kwana a ɗaki, ko fiye da 6,000 idan aka cika kowane gado, ban da ma'aikata sama da 2,000.

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya gini mai tsayin mita 72 zai tsaya a kan mita 9 kacal ba tare da ya kife ba? Amsar tana cikin ƙa'idojin mai fito biyu na farko. Faɗin gangar jirgin yana sa duk lokacin da ya karkata, ruwan da ke ɓangaren da ya nutse ya tunkuɗo shi ya dawo daidai. Sannan an tara duk wani abu mai nauyi a can ƙasa, wato injuna da tankunan mai da na ruwa, aka bar benayen sama da ɗakuna waɗanda mafi yawan cikinsu iska ce. Bugu da ƙari, akwai fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ake fito da su daga gefe domin rage tangaɗi.

Faɗin ya zo da tasa matsalar. Ɗakin da ya fi tsada shi ne mai baranda, jirgi mai faɗi kuwa yakan tara ɗakuna da yawa a tsakiya inda babu taga balle haske. Dabarar da ta bambanta Oasis da duk jiragen da suka gabace shi ita ce tsaga ginin sama gida biyu, a bar fili buɗaɗɗe a tsakani, kamar dai yadda Bahaushe ke jera ɗakuna su kewaye tsakar gida. Da haka ɗakunan ciki ma suka sami baranda mai kallon fili. A wani ɓangare na filin aka dasa lambu mai tsirrai fiye da 12,000, aka sa masa suna Central Park. A ɗaya ɓangaren, wajen bayan jirgi, aka yi dandalin wasanni wanda ya ƙare da wurin kallon wasan ruwa. Tsagin ya kuma rage nauyin da zai taru a sama.

Matsala ta gaba ita ce cunkoso. Domin kada mutum dubu shida su taru a wuri guda, an raba jirgin zuwa unguwanni bakwai, kowace da abin da ke jan nata mutanen: ta yara, ta motsa jiki, ta kasuwa, ta kallon wasanni, da sauransu. Titin kasuwa da ke ratsa cikin jirgin kuwa ya samo asali ne daga Silja Serenade na 1990, jirgin fito a tekun Baltik wanda Kulovaara ya yi aiki a kansa kafin ya koma Royal Caribbean.

4.3 Inji da Tuƙi

Injunan jirgin ba sa juya farfela kai tsaye. Manyan injunan dizal shida ƙirar Wärtsilä suna juya janareta su samar da lantarki kimanin megawat 97, wanda ya ninka megawat 40 na tashar madatsar Dadin Kowa a Jihar Gwambe fiye da sau biyu. Daga wannan wuta ake ba fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki da kicin da na'urar tace ruwan teku, daga ita kuma ake tuƙa jirgin. Amfanin tsarin shi ne ana iya kashe wasu injuna idan jirgi yana tsaye a tasha, a kunna su idan buƙata ta ƙaru.

A ƙarƙashin bayan jirgin an rataye wasu manyan kwanso uku masu suna Azipod, kowanne ɗauke da injin lantarki mai ƙarfin megawat 20 da farfelarsa, kuma kowanne yana iya juyawa ta kowace fuska. Ke nan abin da ke tura jirgin shi ne kuma ke juya akalarsa, kamar yadda filafili guda ke yi wa mai kwalekwale aikin biyu. A goshi akwai wasu farfeloli huɗu da ke tura shi gefe, saboda haka yana iya matsawa jikin tasha da kansa. Gudunsa na yau da kullum ya kai kimanin kilomita 42 a awa, wato zai ci tazarar Jama'are zuwa Azare cikin ƙasa da awa guda.

4.4 Tsaron Rayuka

Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan tsaron rayuka a teku ta samo asali ne daga nutsewar Titanic a 1912, wanda ya ɗauki kwalekwalen ceto 20 kacal, masu isar kusan rabin mutanen da ke cikinsa. Yarjejeniyar SOLAS ta farko ta biyo baya a 1914, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1974 ce tare da gyare-gyarenta. Bisa ƙa'ida, kwalekwalen ceto ba ya wuce mutum 150, to amma jera isassu masu wannan girma a jikin Oasis zai cinye gefensa duka. Sai aka ƙera sababbi guda 18, kowanne mai ɗaukar mutum 370, hukumomi suka amince da su bayan gwaji.

Haka kuma an rarraba gangar jirgin zuwa zauruka masu ƙofofin da ruwa ba ya ratsawa, ta yadda huda a wuri guda ba za ta cika shi duka ba. Daga watan Yuli na 2010 doka ta wajabta wa sababbin manyan jiragen fasinja su iya komawa tasha da kansu bayan gobara ko shigar ruwa a wani sashe, bisa hujjar cewa kwashe dubban mutane a tsakiyar teku shi kansa haɗari ne. Haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a watan Janairu na 2012, inda mutum 32 suka rasu, ya nuna cewa kyawun ƙira ba ya maye gurbin natsuwar matuƙi.

4.5 Iyakar Girma

Girma yana da shamaki a wajen jirgin. Domin ya fita daga tekun Baltik, dole Oasis ya bi ta ƙarƙashin wata gada a ƙasar Denmak mai tazarar mita 65 daga ruwa. An ƙera bututun hayaƙinsa yadda za a iya janye su ƙasa, sannan ranar 1 ga Nuwamba, 2009 aka ƙara masa gudu, saboda jirgi mai gudu a ruwa marar zurfi yakan ɗan ƙara nutsewa. Ya wuce da tazarar da ba ta kai mita guda ba. Tashoshi ma sai da aka faɗaɗa su, har aka gina sabuwa a Falmouth ta ƙasar Jamaika, wadda aka buɗe a 2011.

5.0 Bunƙasar Dangin

Bayan na farko an ƙera Allure of the Seas a Turku a 2010, wanda ya ɗara yayansa tsawo da santimita biyar kawai. Daga nan aikin ya koma maƙerar Saint-Nazaire a Faransa, inda aka fito da Harmony of the Seas a 2016, Symphony of the Seas a 2018, Wonder of the Seas a 2022, da Utopia of the Seas a 2024. Girmansu ya tashi daga GT 225,282 a na farko zuwa sama da 236,000 a na shida. A 2024 kamfanin ya ba da kwangilar na bakwai. A farkon shekarar kuma Icon of the Seas, ɗan wani sabon dangi mai GT 248,663, ya karɓe kambin girma daga hannunsu.

Sauye-sauyen da suka fi muhimmanci sun shafi mai da hayaƙi. An sa wa na baya-bayan nan na'urar da ke fesa ƙananan kumfar iska a ƙarƙashin ganga domin rage gogayya da ruwa. Daga 1 ga Janairu, 2020 doka ta rage yawan farar wuta da aka yarda ta kasance a man jirage daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5, Utopia kuwa an ƙera shi ya yi aiki da iskar gas da aka sanyaya ta zama ruwa. Duk da haka sukar ba ta ƙare ba. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da sana'ar cak na tsawon watanni, ta kuma nuna saurin yaɗuwar cuta a wurin da dubbai suke cin abinci tare. A watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Banis saboda illar da suke yi wa gine-ginensa.

6.0 Wasu Matsalolin Kalmomi

Bayanan da suka gabata sun fito da wurare huɗu da mai fassara zuwa Hausa zai yi hattara.

(1) GT ma'aunin faɗin cikin jirgi ne, wato yawan sararin da ke rufe, kamar yadda mudu ke auna cika. Wanda ya ce nauyin Oasis tan 225,000 ne ya yi kuskure, domin nauyinsa na sikeli wajen tan 100,000 ne. Ya ninka Titanic kusan sau biyar a girman ciki, amma sau biyu kacal a nauyi. Girman ciki ya fi dacewa da ma'anar.

(2) Jiragen da aka ƙera bisa zane guda, idan aka ce aji ɗaya ne, Bahaushe zai ɗauka ana maganar daraja ko makaranta. Dangi ya fi kusa, ya kuma ba da damar cewa wa da ƙane, ko ɗan fari da auta.

(3) Ma'aunin gudu a teku mil ɗaya ne na teku a awa, daidai da kilomita 1.852. Mayar da shi kilomita ya fi aro amfani ga mai sauraro.

(4) Jirgin fito, jirgin jigila da jirgin shaƙatawa abubuwa uku ne, kuma Hausa tana da abin da za ta rarrabe su ba tare da aro ba.

Daidaita irin waɗannan kalmomi yana da alaƙa da rayuka. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawa a yankin Wara na Jihar Kebbi, a ƙarshen Nuwamba na shekarar kuma wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A duka biyun an ambaci lodi fiye da kima. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997, tana da dokoki a kan lodi da rigar ceto, amma doka ba ta isa mashigi sai da harshen da mai fito da fasinjansa suke ji. Kalmomi irin su cibiyar nauyi, layin lodi da tazarar baki suna buƙatar a zauna a tantance su tare da masu sana'ar.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda jirgin fasinja ya tashi daga abin ƙetare teku ya zama masauƙi mai yawo, da yadda wannan sauyi ya tilasta faɗaɗa ganga, tsaga ginin sama, raba jirgi unguwa-unguwa, da mayar da tuƙi ga lantarki a dangin Oasis tsakanin 2009 da 2024. An kuma nuna cewa ƙa'idojin da ke riƙe da wannan gini a kan ruwa su ne waɗanda masu fiton kogin Jama'are suke aiki da su, wato faɗi, ajiye nauyi a ƙasa, da barin tazara. Aikin da ke gaban masu nazarin harshe shi ne tattara kalmomin fito daga bakin masu shi a Jama'are, Katagum, Haɗeja, Yawuri da Argungu, tun kafin gadoji da injin bayan kwalekwale su sa a manta da su, domin daga cikinsu ne za a fi samun tubalan gina kalmomin kimiyyar jiragen ruwa a Hausa.